Majalisar Jiha Da Bin Sawun Kuɗin Talakawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan aikin ɗan majalisar dokokin jiha. A garuruwanmu na bakin kogin Haɗejiya, daga Ringim da Miga zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, ma'aunin da ake auna ɗan majalisa da shi shi ne buhun shinkafar azumi, da zuwa ta'aziyya, da abin da ya miƙa ranar suna. Duk wannan zumunci ne kuma ba mu raina shi ba. Sai dai aikin da tsarin mulki ya ɗora masa, wanda babu mai iya yi sai shi, shi ne ya tsare gwamnatin jiha da tambaya a kan kuɗin jama'a: nawa aka ware, nawa aka saki, me aka yi da shi, wa ya karɓa. A Jigawa mutum 30 ne ke da wannan iko a kan ƙananan hukumomi 27. A Kano 40 ne a kan ƙananan hukumomi 44, domin sashe na 91 na tsarin mulki ya hana kowace majalisar jiha wuce kujera 40.

Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko za su tuna cewa a Majalisar Arewa da ke Kaduna, Firimiya Sardauna da ministocinsa a cikin zaure suke zaune, wakili ya tashi ya yi tambaya, minista ya miƙe ya ba da amsa. Tun 1979 aka bar wannan tsari. Yanzu gwamna da kwamishinoni ba 'yan majalisa ba ne, saboda haka babu ranar da doka ta ware don gwamna ya zo ya amsa tambayoyi. Abin da ya maye gurbin haka yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 108 ya ce idan majalisa ta gayyaci kwamishina domin ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa, dole ne ya je. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike domin gyara doka da tona asirin cin hanci, rashin iya aiki da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon aika sammaci, da rantsar da mai ba da shaida, da neman takardu, da ba da waranti a kawo wanda ya ƙi zuwa ba tare da hujja ba. Kayan aiki dai ga su nan a rubuce.

Kafin a tsare kowa da tambaya, sai an san wanda abin ya rataya a wuyansa, kuma a nan ake fara ɓata lokaci. Ɗauki ambaliya, wadda ta yi mana mummunar ɓarna a 2022. Madatsun Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, hukumar tarayya ce, kuma sanata da ɗan majalisar wakilai ne ke da hannun da zai kai gare ta a Abuja. Amma jingar da ke kare gari, da yashe magudanai, da cire kachalar da ta toshe hanyar ruwa idan jiha ta sa shi a kasafinta, da kayan agajin da hukumar agajin gaggawa ta jiha ke rabawa, waɗannan duk a gaban majalisar Dutse suke. 'Yan sanda na tarayya ne. Kasuwa, tasha, maƙabarta da kwashe shara na ƙaramar hukuma ne. Makarantar firamare kuwa hannu uku ne a cikinta: tarayya na ba da tallafi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na asusun gwamnatin tarayya, jiha na zuba nata rabin kafin ta iya ɗauka, albashin malamai kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ɗan majalisar da bai rarrabe waɗannan ba zai tashi a zaure ya yi ta kira ga hukumar da ba ta ƙarƙashinsa, ya bar kwamishinan da ke iya amsa masa yana zaune lafiya.

Babban makamin majalisa shi ne kasafin kuɗi. Sashe na 120 ya hana a cire ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar da majalisa ta zartar. Gwamna ya kan kawo kasafi a ƙarshen shekara, a yi masa karatu na biyu, a rarraba wa kwamitoci, ma'aikatu su zo kare nasu, kwamitin kasafi ya haɗa rahoto, a zartar, gwamna ya sa hannu. Idan aka makara, sashe na 122 ya yarda gwamna ya ci gaba da kashe kuɗi na ɗan lokaci gwargwadon kasafin bara, don haka babu dalilin da zai sa majalisa ta zartar da littafi mai ɗaruruwan shafuka cikin 'yan kwanaki da hujjar kada gwamnati ta tsaya.

A wajen kare kasafi, tambayar da ta fi kowace amfani ta shekarar da ake ciki ce, ba ta mai zuwa ba. Ma'aikatar da ke neman kuɗin gina ajujuwa 100 baɗi, a fara tambayarta ajujuwan da aka ba ta kuɗinsu bana: guda nawa aka gama, a waɗanne garuruwa, nawa aka biya, nawa ake bin ta. A ce ta kawo jerin a rubuce kwana uku kafin zama, domin kowane wakili ya buga waya mazaɓarsa ya tabbatar. Sannan a duba yadda aka rubuta layukan kasafin. Tsarin lissafin da jihohi ke amfani da shi yanzu ya tanadi lambar da ke nuna ƙaramar hukumar da za a yi kowane aiki. Idan ka ga an rubuta "gyaran ɗakunan shan magani a faɗin jiha" da kuɗi dunƙule guda, ba sunan gari, ba adadi, to wannan layin ba mai iya bibiyarsa. Kwamiti na da ikon cewa ba zai amince ba sai an kawo jadawalin garuruwa an maƙala shi a jikin dokar. Haka nan aikin da ke dawowa kasafi shekara uku a jere da suna ɗaya: ko dai ba a taɓa sakin kuɗinsa ba, ko an saki an karkatar, ko ana biya kaɗan-kaɗan bisa tsari. Kowanne daga cikin ukun yana da takarda, kuma takardar ake nema.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, har da wasu masu ilimi, shi ne sanya aiki a kasafi ba ya nufin an ba da kuɗinsa. Bayan doka akwai amincewar gwamna ko majalisar zartarwa, akwai tantance kwangila a hukumar bin ƙa'idar ayyuka, akwai takardar izinin kashewa daga ma'aikatar kuɗi, sannan akwai ranar da Akanta Janar zai tura kuɗin a zahiri. Aiki na iya mutuwa a kowane mataki. Tun lokacin shirin SFTAS na Bankin Duniya, na gyara yadda jihohi ke tafiyar da kuɗinsu a bayyane, da aka fara a 2018, jihohi sun saba wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku a intanet. Wannan rahoto ya kamata kowane kwamiti ya zauna a kansa sau huɗu a shekara. Lissafin mai sauƙi ne: bayan wata tara, ana sa ran ganin kusan kashi uku cikin huɗu. Idan kuɗin gudanarwa na ofisoshi ya kai haka amma na manyan ayyukan ruwa ko lafiya bai kai rabi ba, to ga tambayar da za a yi wa kwamishinan kuɗi, da sunan kowane layi.

Mu a karkara, ranar da aka saki kuɗi ta fi yawan kuɗin muhimmanci. Jinga da kwalbati da hanyar burji aikin rani ne. Idan ba a biya ɗan kwangila tsakanin Janairu da Afrilu ba, ruwa zai sauka a Yuni, ƙasa ta jiƙe, mota ba ta shiga, jingar da aka tara a gurguje ba a daddale ta ba ruwan Agusta da Satumba ya tafi da ita. Takin da ya iso bayan gero ya fitar da kai ya zama na 'yan kasuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da bai isa ɗakin shan magani kafin tsakiyar damina ba ya bar yara a hannun mai kemis. A ƙarshen shekara rahoto zai nuna an kashe kuɗin duka, kuma gaskiya ne an kashe, amma ba a ranar da zai yi amfani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitocin noma, muhalli da ayyuka ya kamata su kira ma'aikatunsu a watan Fabrairu su nemi jadawalin sakin kuɗi, su sake kiran su a Mayu su ga abin da aka cika.

Akwai ƙofofi biyu da kuɗi ke zurarewa bayan an zartar da kasafi. Ta farko ita ce sauya wa kuɗi gurbi daga wannan layi zuwa wancan, da ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Doka ta yarda da su idan buƙata ta taso, amma idan aka riga aka kashe kuɗin sannan aka kawo takarda a Disamba ana neman amincewa, majalisa ta zama mai buga hatimi kawai. Ta biyu bashi ne. Wasiƙar neman cin bashi kan zo zaure a karanta a amince a zama ɗaya. Kafin a ɗaga hannu, wakili ya nemi sanin kuɗin ruwa, da shekarun biya, da aikin da za a yi da shi, da ko za a riƙa cirewa kai tsaye daga kason da jiha ke samu daga asusun tarayya. Idan daga tushe za a cire, to albashi da magungunan shekaru masu zuwa aka taɓa.

Sai ziyarar gani da ido, wadda ita ce aka fi gani a talabijin kuma ita ce ta fi lalacewa a jihohi da dama. Yadda abin ke ɓaci sananne ne. Ma'aikatar da za a bincika ita ke ba da mota da mai da abincin rana, ita ke zaɓar wuraren da za a je, an kuma sanar da ɗan kwangila tun mako guda ya shafa fenti. Kwamitin da ke son ganin gaskiya ya je da motar majalisa, ya zaɓi wuraren da kansa daga jerin kwangiloli, ya tafi da injiniya ko mai ƙiyasin gini da ba ma'aikacin wannan ma'aikatar ba, kuma ya riƙe takardar ƙiyasin aiki a hannu. Da ita ake gane ko kaurin kwanon rufi da girman rodi su ne aka biya, ko zurfin rijiyar burtsatse ya kai mitar da aka rubuta, ko faifan sola nawa aka ce za a kafa da nawa ke kan ƙarfe. A nemi takardar gwajin ruwa da ta gwajin famfo. A tambayi mai unguwa da shugaban makaranta da ma'aikaciyar asibiti a gefe, ba a gaban darakta ba. A duba wanda ya sa hannu a takardar shaidar kammala aiki, domin ba a biyan ɗan kwangila sai wani jami'i ya shaida cewa ya gani. A kuma tambayi kuɗin da ake riƙewa, bisa al'ada kashi 5 cikin 100, har wa'adin gyaran aibi ya wuce: idan rufi ya yaye a daminar farko kuma an riga an sallami wannan kuɗi, wani ne ya yi sakaci, kuma yana da suna.

Bayan an dawo, rahoton ya shiga zaure. Rahoton da ya tsaya a durowar akawun kwamiti bai amfani kowa ba. Ko an amince da shi a zaure ma, a sani cewa ƙudirin da ke cewa "majalisa na kira ga gwamnati" shawara ce, ba doka ba ce. Abin da ke ba shi haƙori shi ne a sa wa'adi, a ce kwamishina ya dawo cikin kwana 30 da amsa a rubuce, a kuma tuna masa da shi ranar da ya zo kare kasafin baɗi. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Idan ta ga alamar laifi, sai ta miƙa wa Babban Lauyan jiha, ko hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha, ko EFCC da ICPC.

Inda muka fi so Edita da masu karatu su mai da hankali shi ne rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wato Odita Janar. Sashe na 125 ya ba shi ikon duba littattafan kowane ofishi na jiha, ya kuma ce cikin kwana 90 da karɓar lissafin shekara daga Akanta Janar ya miƙa rahotonsa ga majalisa, ita kuma ta ba kwamitin asusun jama'a ya yi nazari. Ba ya karɓar umarni daga kowa a aikinsa, kuma sashe na 127 ya hana a cire shi sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisa. A cikin wannan rahoto ake samun baucar da aka biya babu rasit, da kuɗin da aka ba jami'i rance don wani aiki bai dawo da lissafi ba, da harajin da aka cire ba a tura ba, da kayan da aka saya ba su shiga littafin sito ba, da kwangilar da aka biya ba a yi ba. An riga an yi wa majalisa rabin aikin. Abin da ya rage shi ne kwamiti ya kira babban sakatare ko shugaban hukuma, domin su ne masu amsa tambayar kuɗi, ya bi tuhumomin ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kawo takardarsa a wanke shi, wanda ba a kawo ba a ce a dawo da kuɗin.

Matsalar ita ce jinkiri. Idan aka bar rahoto ya shekara uku ko huɗu kafin a zauna a kansa, jami'in ya yi ritaya, wani ya rasu, fayil ya ɓace, ɗan kwangila ya canza sunan kamfani. Akwai kuma giɓin da ba a cika lura da shi ba: hukumomi da kamfanonin gwamnati da doka ta kafa, Odita Janar ba ya binciken su kai tsaye, sai dai ya ba su jerin masu bincike na waje su zaɓa, ya yi sharhi a kan abin da aka kawo, ya kuma yi duba lokaci-lokaci. Kuɗi masu yawa na ilimi da lafiya da hanyoyi ta irin waɗannan hukumomi suke bi, don haka kwamiti ya riƙa tambayar wace hukuma ce ba ta kawo lissafinta ba, kuma tun yaushe. A Majalisar Tarayya al'ada ce ɗan adawa ya shugabanci wannan kwamiti. Ya dace jihohi su riƙe wannan al'ada ko da 'yan adawa biyu ne kacal a zaure.

Me ke hana duk wannan? Ba ma tsammanin jahilci ne. Wanda ke riƙe da jam'iyya a jiha shi ke da ta cewa a kan tikitin takara, kuma wakilin da ya matsa wa kwamishina da tambaya ya san abin da ke jiransa a zaɓen fid da gwani. Na biyu kuɗi ne. An gyara sashe na 121 a 2018 domin majalisun jihohi su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta jan ƙafa har ma'aikatan majalisu suka yi dogon yajin aiki a 2021, aka sake ƙarfafa gyaran a 2023. Majalisar da ke jiran sa hannun gwamna kafin ta sayi man zuwa duba aiki ba za ta duba komai ba. Na uku rashin ma'aikata: kwamiti na buƙatar akanta da injiniya da lauya na dindindin, domin wakilai na canzawa duk shekara huɗu, akawu ne ke zama da tarihin fayil. Na huɗu mu ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wakilin da kullum ƙofar gidansa ke cike da masu neman kuɗin magani da na makaranta dole ya nemi inda zai samo, kuma wurin da zai samo shi ne wurin waɗanda aka zaɓe shi ya bincika. Ayyukan mazaɓu ma haka: ranar da wakili ya zama mai kawo ɗan kwangila, ya rasa bakin tambayar ingancin aikin.

Wasu na ganin tsige gwamna ne kaɗai alamar majalisa mai ƙarfi. Sashe na 188 ya tanadi hakan, da sa hannun kashi ɗaya cikin uku don farawa, da kwamitin mutum bakwai da Babban Joji zai naɗa, da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Amma abin da ya faru da Gwamna Alhaji Balarabe Musa a Kaduna a 1981, inda majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa sannan ta tsige shi, ya nuna cewa ana iya amfani da wannan iko don faɗan jam'iyya. Ba rigima muke nema tsakanin majalisa da gwamna ba. Gwamnan kirki ma yana amfana da majalisar da ke gano masa ɓarnar da ake ɓoye masa.

Game da ƙananan hukumomi, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan bai sauke wa majalisar jiha nauyi ba, domin ita ke yin dokar da ta tsara ƙananan hukumomi, kuma rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi gabanta yake zuwa. Kansiloli ma majalisa ce, da ikon duba kasafin shugaba, ko da yake a wurare da yawa ba a ba su ko kwafinsa.

Ga jama'ar gari da ke da koke, hanya a buɗe take. A rubuta takarda zuwa ga Kakakin Majalisa ta hannun wakilin mazaɓa. A sa sunan aikin kamar yadda yake a kasafi da shekararsa, da abin da ke rubuce a allon ɗan kwangila, da ranar da aka fara da ranar da aka tsaya, da hotuna, da abu guda da ake so majalisa ta yi. A guji zagi da zargin da ba a da shaidarsa, kuma kada a kai maganar da ke gaban kotu. Mutane su sa hannu, a yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi. Idan wakili ya gabatar a zaure, za a miƙa wa kwamitin koke-koke, shi kuma ya kira ɓangarorin biyu. Idan wata guda ya wuce shiru, a koma da kwafin mai hatimi. Wakilin da ya ƙi gabatarwa, a tuna cewa tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zama aƙalla kwana 181 a shekara, kuma jama'a na da haƙƙin tambayar kwana nawa nasu ya halarta da abin da ya faɗa.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne ka riƙa tura wakilinka zaman kare kasafi da zaman kwamitin asusun jama'a a Dutse da Kano, ba ranar gabatar da kasafi kaɗai ba, kuma idan rahoton wata uku ko na Odita Janar ya fito, a fassara mana muhimman sassansa da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, yadda za a iya karanta wa jama'a a majalisar ƙofar gida da gidajen rediyo.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar harkokin majalisa,
Ƙaramar Hukumar Kafin Hausa, Jihar Jigawa.